Soda Nawa, Mai Nawa? Lissafin da Mai Haɗa Sabulu Ba Za Ta Tsallake Ba

Ƙorafi biyu ne suka fi yawa a bakin matan da ke haɗa sabulun sanda a gida: ko sabulu ya ƙi daskarewa yana nason mai, ko ya daskare ƙam amma yana cin hannu. Duka biyun daga awo suke tasowa.

Mai buga bulo ya san in siminti buhu ɗaya ne, ko tifa goma ta yashi aka sauke masa, siminti ne zai yanke yawan bulon da zai fita. Haka abin yake a cikin robar haɗi. Tsakanin mai da soda (wato kostik soda, ba ta girki ba), wanda ya fara ƙarewa shi ke yanke yawan sabulu, ɗayan kuma ragowarsa ta zauna a ciki ba ta zama komai ba.

Ga yadda lissafin yake. Kowace ƙwayar mai (ɗan ƙanƙanin ɓangaren da ido ba ya gani) tana cin ƙwayar soda uku, ta ba da ƙwayar sabulu uku da ta gilisarin ɗaya, wato wani ruwa mai kauri da ke zama cikin sandar. Masana suna ƙirga ƙwayoyin da ma'aunin da ake kira mol: mol ɗaya na soda giram 40 ne, na man gyaɗa kimanin 880, na gilisarin 92. Kilo ɗaya na man gyaɗa kenan mol 1.14 ne. A ninka sau uku, a sake ninkawa da 40, za a samu kusan giram 136 na soda. Gilisarin zai kai giram 105, sabulun kansa kuwa 1,000 a haɗa da 136 a cire 105, wato giram 1,031.

To, ki ce don tsimi kin zuba giram 100 kawai. Soda ce za ta fara ƙarewa. Giram 733 na mai kaɗai za ta iya ci, sabulun ya tsaya a giram 756, saura giram 267 na mai ya yi ta yawo, sandar ta yi laushi, daga baya ta fara wari. In kuma kin zuba 200 wai don ya yi ƙarfi, mai ne zai ƙare, sabulu bai ƙaru da ko giram ɗaya ba, amma giram 64 na ɗanyar soda na nan cikin abin da za a yi wa yara wanka da shi. Wannan kuskuren ya fi na farko muni nesa ba kusa ba.

Shi ya sa ake rage soda da gangan, kashi 5 cikin 100, don ita ta riga ƙarewa: giram 129 maimakon 136. Kuma kowane mai da cinsa. Kilo ɗaya na manja yana neman kusan giram 142, man kaɗe 128, alayyadi kuwa har wajen 175. Wadda ta saba da alayyadi ta koma man gyaɗa ba ta sauya awon soda ba, lallai sabulunta zai ƙona fata. In mai biyu aka gauraya, a lissafa wa kowanne nasa sannan a tara.

A bar awo da gwangwani. Lita ɗaya ta mai ba kilo ba ce, ba ta wuce giram 920 ba, don haka ƙaramin sikeli ya zama dole. Ruwa kimanin giram 330 ya isa kilo ɗaya na mai. Haɗin duka zai kai kusan giram 1,460 ranar zubawa, amma kada ki yanke farashi a kan wannan nauyin, domin ruwa zai riƙa fita cikin mako huɗu zuwa shida da sabulu zai yi yana shan iska. Sodar da aka bari a buɗe kuwa tana tsotsar danshi, sikeli ya nuna giram 129 alhali wani ɓangare ruwa ne.

Wajen jiƙawa, soda ake zubawa cikin ruwa kaɗan-kaɗan, ba ruwa a kan soda ba, don tana ɗaukar zafi har ta fantsama. Ban da tukunyar alminiyam, soda na cin ta, tana kuma fitar da iskar da ke kama wuta. A sa safar roba da tabarau, a yi aikin a fili. In ta taɓa fata ko ido, a yi ta kwarara ruwa na minti 20 aƙalla, in ido ne a wuce asibiti. Kada a taɓa ajiye ruwan soda a gorar lemo, don ido ba ya bambanta shi da ruwan sha. Yaron da ya kurɓa, kada a sa shi amai, kada a ɗura masa manja, a kai shi asibiti nan take ko da bakinsa bai nuna ƙuna ba, saboda maƙogwaro na iya tsukewa bayan makonni.