Sa baki na majinyata da masu jinya a tsarin kula da lafiyar ƙwaƙwalwa

Wannan tsari ne da ake zama da mai fama da taɓin hankali ko ciwon damuwa, da wanda ke ɗawainiya da shi a gida, a ji ta bakinsu kafin a yanke yadda asibiti zai yi aiki: ranar ganin likita, kuɗin magani, yadda nas za ta yi wa mutum magana, har da ko a kwantar da shi ko a bar shi gida.

A Najeriya abin ba sabo ba ne. A 1954 likita Thomas Adeoye Lambo ya fara tsarin ƙauyen Aro kusa da Abeokuta, majinyaci ya zo da ɗan'uwansa su sauka a gidajen mutanen ƙauye, da rana a yi masa magani. Amma doka ta daɗe a baya, ta 1958 aka yi ta amfani da ita, wadda ta fi damuwa da a tsare mutum. Sai a Janairun 2023 Shugaba Muhammadu Buhari, ɗan Daura, ya sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, ta ba majinyaci haƙƙin a yi shawara da shi kan maganinsa.

A Katsina da Daura kuwa, dangi ne ke ɗauke da kusan komai. Uwa ce ta san cewa ƙwayar dare na sa ɗanta barci har hantsi ya rasa kasuwa, ko allurar wata-wata na sa jikinsa ya ƙage yawu na zuba, shi ya sa ya daina sha ba wai taurin kai ba, kuma ita ce ke biyan kuɗin mota zuwa asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau a Kano ko na Kaduna in abin ya tsananta, amma in ana taron tsara aiki ba mai kiranta. Da yawa ma wurin malam suke farawa don ruƙiyya, asibitin da ya raina wannan ba zai ji gaskiya daga bakinsu ba.

Sai dai ba kullum ra'ayin dangi ke zama na majinyaci ba. A Oktoban 2019 da 'yan sanda suka buɗe wani gidan mari a Daura suka fito da mutane cikin sarƙa, akasari iyaye ne suka kai su da kansu. Don haka ake ware wa majinyaci lokacinsa shi kaɗai da likita, kuma a kwamitin asibiti a ba shi kujerarsa daban da ta mai jinya.