Idan ma'aikatan jirgin sama suka zargi fasinja: ina ikonsu ya fara, ina ya tsaya?

Da zarar an rufe ƙofofin jirgin sama, babu ɗan sanda a ciki, babu alƙali, babu kuma inda mutum zai gudu. Mutum ɗari biyu ko fiye suna zaune kafaɗa da kafaɗa a sararin samaniya, tsaron lafiyarsu kuma yana wuyan matuƙa biyu da ma'aikata ƙalilan, waɗanda yawancinmu muke ɗauka masu raba abinci da shayi ne kawai. Dalilin da ya sa ke nan ƙasashen duniya suka ba su wani iko da ba a ba ma'aikacin otal ko kwandastan mota ba. Ikon yana da girma, amma an gindaya masa sharaɗi, kuma a kan wannan sharaɗin ne ake yawan samun rigima.

Tushen dokar ita ce Yarjejeniyar Tokyo, wadda aka sanya wa hannu a ranar 14 ga Satumba 1963, ta fara aiki a 1969, kuma kusan duk ƙasashen duniya sun shiga cikinta. Ta ce ikon kyaftin yana farawa ne daga lokacin da aka rufe ƙofofi bayan kowa ya shiga, har zuwa lokacin da aka buɗe ƙofa domin sauka. A tsakanin nan, sashe na 6 ya ba shi damar ɗaukar matakin da ya dace a kan duk wanda yake da dalili mai karɓuwa ga hankali na ganin ya aikata laifi, ko yana gab da aikatawa, ko yana yin abin da zai jefa jirgi cikin haɗari ko ya hargitsa zaman lafiyar ciki. Matakin ya haɗa har da ɗaure mutum. Kyaftin zai iya umartar ma'aikatansa su taimaka. Fasinjoji kuwa sai dai ya roƙe su, ba zai tilasta musu ba. Idan abin ya zo da gaggawa, ma'aikaci ko ma fasinja zai iya ɗaukar matakin kare jirgi nan take ba tare da jiran izini ba.

Sassa na gaba sun ba kyaftin damar saukar da mutumin a duk ƙasar da jirgi ya sauka, ko ya damƙa shi ga hukuma idan laifin babba ne. Sashe na 10 kuma ya kare kyaftin da ma'aikata da kamfanin daga ƙara, muddin abin da suka yi bai fita daga iyakar yarjejeniyar ba. Kafin a rufe ƙofa kuwa, dokar ƙasar da jirgin yake ciki da sharuɗɗan tikitin da ka saya su ne ke aiki, kuma kusan kowane kamfani ya rubuta cewa zai iya ƙin ɗaukar wanda yake ganin barazana ne.

A aikace, aikin yana farawa tun kafin fasinja na farko ya tako matakala. Ma'aikata suna bin kujeru da ma'ajiyar kaya ta sama da makewayi suna duba ko an bar wani abu. Gaisuwar bakin ƙofa ma wani ɓangare ne na binciken: ana lura da wanda ke tangaɗi da warin giya, da wanda ya shigo a fusace, da kuma majiya ƙarfi da za a iya neman taimakonsu idan ta ɓaci. Abin da ake koya musu su sa wa ido shi ne ɗabi'a. Mutumin da ke yawan tambaya a kan ƙofar ɗakin matuƙa, ko wanda ya shige makewayi da jaka ya daɗe ƙwarai, ko wanda ke taɓa hannun ƙofar fita, ko wanda aka ba umarnin tsaro sau biyu sau uku ya yi kunnen uwar shegu.

Sai dai ma'aikacin da ya san aikinsa ba ya yanke hukunci da kallo ɗaya. Zai ƙaraso ya ce, "Ranka ya daɗe, lafiya dai? A kawo ruwa?" Daga amsar yake gane abubuwa da yawa. Gumi da rawar jiki sau da yawa tsoron hawa jirgi ne. Mai ciwon suga da sugansa ya faɗi yakan yi magana kamar mashayi, haka ma wanda iskar shaƙa ta yi masa ƙaranci. Bayan ya ji ta bakin mutumin, sai ya sanar da shugaban ma'aikatan ciki, shi kuma ya kira ɗakin matuƙa ta wayar cikin jirgi.

Hukumar kula da sufurin jiragen sama ta duniya, ICAO, ta kasa barazanar gida huɗu domin kowa ya gane abin da ake nufi cikin kalmomi kaɗan. Mataki na farko shi ne hayaniya da zagi da ƙin bin umarni, kuma maganinsa lallashi ne, da daina ba mutum giya, da sauya masa kujera, wani lokaci da miƙa masa takardar gargaɗi daga kyaftin. Na biyu shi ne idan ya kai hannu: duka, ture mutum, fasa kaya. Na uku barazana ga rai, kamar fito da makami ko shaƙe wani. Na huɗu yunƙurin kutsawa ɗakin matuƙa. Jirage da yawa suna ɗauke da ankwa ta roba da igiyoyin ɗaure mutum a kujera, kuma wanda aka ɗaure dole wani ya zauna yana lura da numfashinsa har a sauka, domin an taɓa rasa rai wajen danne fasinja.

Abin da ya canza bayan harin 11 ga Satumba 2001 shi ne kyaftin ba ya fitowa. A da ana koya wa ma'aikata su bi masu fashin jirgi a hankali har a sauka lafiya, irin fashin da matasa huɗu suka yi a Oktoba 1993, da suka karkatar da jirgin Nigeria Airways mai zuwa Abuja daga Legas suka kai shi Yamai saboda soke zaɓen 12 ga Yuni. Bayan an ga jirgi kansa ya zama makami, sai aka wajabta ƙofa mai sulke a manyan jiragen fasinja daga 2003, a kulle ta daga ciki. Ko me ke faruwa a baya, matuƙa suna zaune a wurinsu, su sanar da masu kula da zirga-zirgar jirage a ƙasa, su nemi filin da za su sauka. Ma'anar wannan ita ce kyaftin yana yanke hukunci a kan mutumin da bai gani ba, da bayanin da aka ba shi ta waya. Nauyin gaskiyar bayanin ya koma kan ma'aikatan ciki.

Babu mai musun amfanin sa idonsu. A ranar 22 ga Disamba 2001, a jirgin American Airlines daga Faris zuwa Miami, wata ma'aikaciya ta ji ƙaurin ashana. Ta bi ƙaurin ta tarar da wani fasinja mai suna Richard Reid, ta gargaɗe shi, da ta sake dawowa sai ta same shi yana ƙoƙarin kunna wata igiya da ta fito daga takalminsa. Ya ture ta, ya ciji abokiyar aikinta a hannu, fasinjoji suka taru suka ɗaure shi da bel-bel, jirgi ya sauka a Boston. Shekara takwas bayan nan, ranar 25 ga Disamba 2009, Umar Faruk Abdulmutallab, wanda ya taso daga Legas ya sauya jirgi a Amstadam, ya daɗe a makewayi yayin da jirgin ke kusantar Detroit, ya dawo ya ce cikinsa ke ciwo, ya lulluɓa da bargo. Da wuta ta tashi, wani fasinja ɗan Holan ya afka masa, ma'aikata suka kashe wutar. Mahaifinsa ya riga ya kai ƙorafi ofishin jakadancin Amurka a Abuja makonni kafin nan, amma bayanin bai hana shi hawa jirgi ba. Duk shingayen ƙasa ya wuce su, na cikin jirgi ne suka tsaya.

A duka biyun akwai abin da ido ya gani ko hanci ya shaƙa: ashana, igiya, hayaƙi. Matsalar ita ce inda babu komai sai kamanni. A Nuwamba 2006 an saukar da limamai shida daga jirgin US Airways a Minneapolis bayan wani fasinja ya miƙa wa ma'aikata 'yar takarda, domin ya ga wasunsu sun yi salla a filin jirgi. An tsare su sa'o'i ana yi musu tambayoyi, aka sake su ba tare da tuhuma ba, ƙarar da suka shigar kuma ta ƙare da sulhu a 2009. A 2016 an fitar da wani ɗalibi ɗan asalin Iraƙi daga jirgin Southwest a Los Angeles saboda an ji yana waya da Larabci. A shekarar dai aka jinkirta wani jirgi a Philadelphia saboda wata fasinja ta tsorata da rubutun da maƙwabcinta ke yi, ashe malamin jami'a ne ɗan Italiya yana lissafi.

Wannan ya shafe mu kai tsaye. Bahaushe yana hawa jirgi da carbi a hannu, yana karanta addu'ar tafiya a bayyane, dattijo da gemu da rawani, hajiya da hijabi. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ya zama dalili a idon doka, kuma ba daidai ba ne a mayar da tsoron wani fasinja ya zama hujja a kan ɗan'uwansa. Malam Bahaushe ya ce zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya. Aikin ma'aikaci idan an kawo masa tsegumi shi ne ya tambaya: me ka gani ya yi, me ka ji ya ce?

Kotu ma ta taɓa tsayawa a kan haka. A 2003 wata tawagar 'yan kasuwa daga Masar ta hau jirgin Alaska Airlines daga Vancouver zuwa Las Vegas. Saɓani ya shiga tsakaninsu da wata ma'aikaciya, ta kira kyaftin ta ce sashen manyan kujeru ya fi ƙarfinta, shi kuma ya karkatar da jirgi zuwa Reno ya damƙa su ga 'yan sanda. Jami'ai suka bincika ba su sami komai ba, amma ya ƙi komawa da su. A 2010 kotun ɗaukaka ƙara ta tarayyar Amurka ta ce kariyar Yarjejeniyar Tokyo ba ta hawa kan kyaftin haka kawai, sai an nuna yana da dalili mai karɓuwa, ta kuma lura cewa bai yi tambaya ba, bai leƙa ta tagar ƙofa ba. Dokar Amurka, wadda ta tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara 20 ga wanda ya kai wa ma'aikacin jirgi hari ko ya razana shi har ya hana shi aiki, ita ce kuma ta haramta nuna bambanci saboda addini ko launi ko asali. A ƙarƙashinta aka ci kamfanin Delta tarar dala 50,000 a 2020 saboda saukar da fasinjoji Musulmi, aka ci Lufthansa dala miliyan 4 a 2024 saboda hana Yahudawa 128 hawa jirgi a Frankfurt.

Akwai wani giɓi da Yarjejeniyar Tokyo ta bari shekaru da dama. Ta ɗora hurumin shari'a a kan ƙasar da jirgi ya yi rajista, don haka mutum zai mari ma'aikaciya a sama, a miƙa shi ga 'yan sandan ƙasar da aka sauka, su ce ba huruminsu ba ne, ya ɗauki jakarsa ya tafi. Gyaran da aka yi a Montreal a 2014 ya ba ƙasar da aka sauka hurumin gurfanar da shi. Ana buƙatar amincewar ƙasashe 22 kafin ya fara aiki, Najeriya ce ta cike ta 22 a Nuwamba 2019, gyaran ya soma aiki ranar 1 ga Janairu 2020.

A cikin gida, Dokar Sufurin Jiragen Sama ta 2022 da ƙa'idojin hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Najeriya, NCAA, ne ke aiki. An ga gwajinsu a Agusta 2025, lokacin da gardama kan kashe waya tsakanin wata matashiya da ma'aikata a jirgin Ibom Air daga Uyo ta rikiɗe ta zama dambe a Legas. An jawo matashiyar daga jirgi da ƙarfi, rigarta ta yage, bidiyon ya karaɗe intanet, aka tsare ta a gidan yarin Kirikiri, bayan 'yan kwanaki aka janye ƙarar. Dukan ma'aikaciya laifi ne da babu uzuri a kansa. Tozarta mace a gaban kyamara shi ma ba ya cikin abin da doka ta kira matakin da ya dace. Bayan rikicin, NCAA ta ba da umarnin a riƙa kashe waya gaba ɗaya lokacin tashi da sauka.

Ga fasinja, abin da ya fi muhimmanci shi ne cikin jirgi ba wurin neman haƙƙi ba ne. Idan an ce ka sauka, ka sauka ko da kana ganin an zalunce ka, domin turjiya kaɗai tana iya zama laifi mai zaman kansa, ta kuma ɓata maka ƙarar da za ka iya ci. Kada a yi wasa da kalmar bam ko da a raha, domin dole a ɗauke ta da gaske, a sauke kowa, a binciki jirgi. Wanda aka saukar, a ƙa'ida za a fitar da jakarsa daga ɗakin kaya, tsarin da ya ƙarfafa bayan bam ɗin da ya tarwatsa jirgin Pan Am a Lockerbie a 1988, shi ya sa jirgi kan ƙara jinkiri. Bayan ka sauka, ka nemi a faɗa maka dalili a rubuce, ka adana tikitinka da lambar jirgi da lokacin da abin ya faru, ka karɓi lambar wayar duk wanda ya yarda ya yi maka shaida. Ka fara kai ƙorafi ga kamfanin. Idan bai saurare ka ba, a Najeriya NCAA tana da sashen kare haƙƙin fasinja da jami'ai a manyan filayen jirage, a tafiyar da ta shafi Amurka kuma Ma'aikatar Sufuri ta ƙasar tana karɓar ƙorafin nuna bambanci ta intanet, ko da mai ƙorafin ba ɗan ƙasar ba ne.