Masu ƙin tara makamai a Amurka: amsoshin da na gaji da maimaitawa

Matsorata ne?

A'a. A 1918 an yanke wa Eugene Debs, jagoran 'yan gurguzu a Amurka, ɗaurin shekara 10 saboda jawabin da ya yi na ƙin Yaƙin Duniya na Ɗaya. Matsoraci ba ya kai kansa gidan yari.

Me suka ƙi?

Shirin ko-ta-kwana. Bayan Jamus ta nutsar da jirgin ruwan Lusitania ranar 7 ga Mayu 1915, tsohon shugaban Amurka Theodore Roosevelt da Janar Leonard Wood suka dage sai an ƙara sojoji da jiragen yaƙi. Masu ƙin shirin, irin su 'yan gwagwarmaya Jane Addams da Lillian Wald da Crystal Eastman, suka ce kuɗin talakawa za a zuba wa masu ƙera makamai, kuma wanda ya wasa wuƙa ba ya rasa abin yanka.

Ai ba su yi nasara ba, ko?

Amurka ta shiga yaƙi a Afrilun 1917, gaskiya ne. Amma don Allah ku daina cewa aikin banza suka yi. A Yunin 1916 sojojin Amurka sun yi arangama da na Meksiko a Carrizal, ana ta kiran a far wa Meksiko. Mutanen nan suka sayi shafukan jaridu suka buga bayanin wani kyaftin ɗin Amurka da ke wurin, wanda ya nuna sojojin Amurka ne suka tsokano faɗan. Saƙonnin telegiram suka yi wa Shugaba Wilson na Amurka ruwa, ba a yi yaƙin ba.

To idan maƙwabcinka yana tara makamai, sai ka naɗe hannu?

Nan ne gizo ke saƙa, kuma ba zan yi muku ƙarya ba. Ya danganta da wane ne maƙwabcin. Kafin 1914 Ingila da Jamus sun yi ta rige-rigen ƙera jiragen yaƙi, kowa na cewa kare kansa yake yi, tsoro na haifar tsoro. A nan ina ganin masu ƙin makamai sun fi gaskiya. Bayan 1933 kuwa, da Hitler ya hau mulki a Jamus, lamarin ya sauya. George Lansbury, shugaban jam'iyyar Leba a Ingila, mutumin kirki ne ƙwarai, ya sauka daga muƙaminsa a 1935 don ba zai goyi bayan amfani da ƙarfi ba ko da Italiya na mamaye Habasha. A 1937 ya je har wurin Hitler neman sulhu. Ina ganin girmansa, amma ya yi kuskure. Wataƙila abin dubawa shi ne: wa ke cin ribar kwangilar, kuma an gwada tattaunawa da gaske kuwa? Ko wannan ma ba kullum yake raba gardama ba.

Jeannette Rankin fa?

A 1917 tana cikin 'yan majalisar wakilan Amurka 50 da suka kaɗa ƙuri'ar ƙin shiga yaƙi. A 1941, bayan harin da Japan ta kai wa sansanin sojan ruwan Amurka na Pearl Harbor, ita kaɗai ta ƙi.