Masu Binciken Tunawa da Mantuwa

Masu binciken tunawa rukuni ne na masana halayyar ɗan Adam da ke nazarin yadda mutum ke riƙe abu a ka, yadda yake mantawa, da yadda wannan baiwa ke girma tun daga goyo. Da yawa daga cikin waɗanda suka kafa fannin daga wani ilimin suka shigo, kuma tambayar da kowannensu ya ɗauko takan nuna inda ya fito.

Hermann Ebbinghaus (1850–1909), Bajamushe, falsafa ya karanta. Kansa ya mayar abin gwaji: ya ƙirƙiro gaɓoɓin kalma marasa ma'ana kimanin 2,300, yana haddacewa yana auna abin da ya zube. Sakamakon da ya buga a 1885 ya nuna cewa mantuwa ta fi sauri a sa'o'in farko, sannan ta lafa. Frederic Bartlett na Jami'ar Kambirij kuwa, mai sha'awar al'adun al'ummomi, bai ga amfanin raba tunawa da ma'ana ba. Ya ba Turawan Ingila wata tatsuniyar 'yan asalin Amurka ta Arewa, ya ce su maimaita ta daga baya. Sai suka riƙa zubar da abin da ya zo musu baƙo, har kwalekwale ya koma jirgin ruwa a bakinsu. A 1932 ya bayyana cewa mai tunawa sake gina labari yake yi.

Brenda Milner, haifaffiyar 1918, da lissafi ta fara kafin ta sauya fanni ta koma Kanada. Ta yi shekaru tana gwada wani majinyaci da aka sani da H.M., wanda aka cire wa wani sashen ƙwaƙwalwa, har da hifokamfas (sashen da ke taimakawa wajen adana sabbin abubuwa a ka), a 1953 saboda farfaɗiya. Kullum ta shigo, baƙuwa ce a wurinsa. Amma da ta sa shi bin zanen tauraro da fensir yana duba madubi, hannunsa ya yi ta ƙwarewa, alhali bai tuna ya taɓa yi ba. Nan aka gane tunawa ba iri ɗaya ba ce. Elizabeth Loftus, ita ma mai tushen lissafi, hankalinta na kan shaidu a kotu. A 1974 ta nuna cewa sauya kalma ɗaya a cikin tambaya kan sa mutum ya tuna fasasshen gilashin da babu shi a fim ɗin hatsarin mota da ya kalla.

Ɓangaren yara ya makara, domin jariri ba ya amsa tambaya. Carolyn Rovee-Collier (1942–2014) ta samo dabarar ne a gida, tana karatun digirin digirgir da goyo a hannu. Ta ɗaura zare daga ƙafar ɗanta zuwa abin wasan da ke reto saman gadonsa. Yaron ya gane cewa shuri ne ke motsa shi, ya dage da shuri. Mujallu sun daɗe suna ƙin aikin, don an ɗauka jarirai ba sa koyon irin wannan, sai a 1969 ya fito. Daga baya ta auna cewa ɗan wata biyu kan riƙe darasin kwana ɗaya ko biyu, ɗan wata shida kuma kusan mako biyu.

To me ya sa babba ba ya tuna shekarunsa biyu zuwa uku na farko? Katherine Nelson, wadda ta fara da nazarin yadda yara ke koyon magana, da Robyn Fivush, sun duba hirar uwa da ɗa: yaran da iyayensu ke jan zancen abin da ya wuce dalla-dalla sun fi riƙe tarihin kansu. Qi Wang, da ta tashi a Sin take koyarwa a Jami'ar Cornell, ta kwatanta al'ummomi, ta tarar abin farko da Ba'amurke ke tunawa yakan faro ne daga wajen shekara uku da rabi, na Basine kuma kimanin wata shida bayan haka.