Wa ke riƙe da ragamar zanga-zanga, kuma me ke raba kan 'yan gwagwarmaya?

Me ya sa mutanen da suka fito kan kuka ɗaya suke ƙarewa da zargin juna?

Domin tsadar rayuwa tana iya cika titi da jama'a, amma ba ta faɗa musu inda za a tsaya. Ɗan kasuwar Kwari so yake a gama cikin kwana biyu ya buɗe shago, ɗalibi kuwa ya rantse sai an biya buƙatu duka. Ranar da gwamnati ta ce a zo a zauna, ranar ake gane cewa ba a taɓa daidaita wa zai shiga ɗakin ba.

An taɓa ganin haka a Kano?

Sosai. A watan Janairun 2012 gwamnatin Jonathan ta cire tallafin man fetur, lita ta tashi daga naira 65 zuwa kusan 141. Matasan Kano suka mamaye dandalin Silver Jubilee tun kafin ƙungiyoyin ƙwadago na NLC da TUC su shiga yajin aiki ranar 9 ga wata. Ranar 16 shugabannin ƙwadago suka janye, bayan an sauko da farashin zuwa naira 97. Waɗanda suka kwana a titi suna cewa sai 65 suka ce an sayar da su. A ganina ba sai an kawo zancen toshiyar baki ba: ƙwadago ta yi ciniki ne da sunan mutanen da ba 'ya'yanta ba, kuma ba su wakilta ta ba.

To ba gara a fita babu shugaba ba?

Tunanin matasan zanga-zangar EndSARS, ta adawa da rundunar 'yan sanda ta SARS, ke nan a 2020: in babu shugaba, babu wanda za a saya ko a kama. Akwai gaskiya a ciki, sai dai Kano ta ga ɗaya ɓangaren a zanga-zangar tsadar rayuwa ta Agustan 2024. Tun ranar farko ɓata-gari suka wawashe kayan cibiyar fasahar zamani ta hukumar sadarwa ta ƙasa (NCC), Gwamna Abba Kabir Yusuf ya sa dokar hana fita ta awa 24. Daga baya tutar Rasha ta bayyana a hannun yara, har aka kama teloli. Babu mutum ɗaya da zai hau mota ya ce a ajiye tutar nan, ba tamu ba ce, a saurare shi. Da aka gurfanar da ƙananan yara a kotu a Abuja cikin Nuwamba, wasu suna faɗuwa saboda galabaita, hayaniyar jama'a ce ta sa Shugaba Tinubu ya ba da umarnin sakinsu.

Ko laifin kafafen sada zumunta ne?

A'a, sun dai ƙara wa abin sauri. Dattawa suna tuna yadda jam'iyyar PRP ta dare gida biyu a farkon shekarun 1980: 'yan Taɓo tare da Malam Aminu Kano, 'yan Santsi tare da Abubakar Rimi da Balarabe Musa. Kowa na cewa shi ne na talakawa, kuma a lokacin babu Facebook. Saɓanin ya shafi da wa za a haɗa kai, da kuma wa ke da ikon yanke wannan hukunci.

Ina maganar kuɗi?

Nan zumunci ya fi saurin lalacewa. Kuɗin ruwan leda, lasifika da belin waɗanda aka kama yakan shiga asusun mutum ɗaya, in bai fito da lissafi ba, zargi ya samu ƙofa.

Me ya kamata a daidaita kafin a fita?

Buƙatu kaɗan, a rubuce. Wakilai daga unguwanni da za a iya sauya su, da sharaɗin ba za su sa hannu kan komai ba sai sun dawo sun faɗa wa jama'a. Sannan lauyoyi a shirye, da mutanen da aka amince za su ce yau a koma gida.