Waiwaye: Gidan Opera na Alƙahira, daga gobara zuwa tsibirin Nilu

Baƙon da ya ce wa direban tasi a Alƙahira "kai ni Opera" gara ya fayyace wacce yake nufi, don wurare biyu ne ke amsa sunan: wani dandali kusa da kasuwar Ataba, da kuma wani farin gini a tsibirin Gezira, tsakiyar kogin Nilu.

A dandalin labarin ya faro. A 1869 Isma'il Pasha, mai mulkin Masar, yana shirin bikin buɗe mashigin Suez, ya ƙudurta manyan baƙinsa na Turai ba za su zo su rasa irin wasan da suka saba ba, wato opera, wasan kwaikwayon da ake rera zancensa da waƙa. Cikin 'yan watanni aka tayar da gidan, galibi da katako, mai kujeru wajen 850, aka buɗe shi ran 1 ga Nuwamba. Mutane da yawa na zaton da Aida, operar Verdi, mai tsara kiɗa ɗan Italiya, aka buɗe. Ba haka ba ne. Sai 24 ga Disamba 1871 aka fara nuna ta, bayan kayan adon 'yan wasa sun maƙale a Paris saboda yaƙin Faransa da Jamusawa.

Da bashi aka yi yawancin wannan ƙawa. A 1875 Isma'il ya sayar wa Ingila hannun jarin Masar a mashigin, a 1879 aka tuɓe shi.

Gidan ya yi shekara ɗari da biyu, sannan da asubahin 28 ga Oktoba 1971 gobara ta lashe shi ƙurmus, har da tufafin wasa da takardun kiɗan da aka daɗe ana adanawa. Abin da ya fi ci mini rai shi ne abin da ya maye gurbinsa: garejin motoci mai hawa-hawa. Mutum-mutumin Ibrahim Pasha, mahaifin Isma'il, bisa doki na nan tsaye a dandalin, motoci na ta zagaya shi.

Shekara goma sha bakwai birnin ya yi ba gidan opera, sai Japan ta gina sabo kyauta a tsibirin Gezira, aka buɗe ran 10 ga Oktoba 1988. Jirgin ƙarƙashin ƙasa na tsayawa dab da ƙofarsa. Namijin da zai shiga babban zaure da dare kuwa, ya tanadi kwat da nakatayi tun daga masauki.