Rahoton Majinyaci a Mujallar Likitanci

Rahoton majinyaci rubutu ne na ilimi da likita ko wani ma'aikacin lafiya yake yi a kan rashin lafiyar mutum ɗaya, wani lokaci biyu ko uku. A ciki yana bayyana yadda ciwon ya faro, abin da aka gani a jikin mai shi, gwaje-gwajen da aka yi, maganin da aka ba shi, da yadda aka ƙare. Idan majinyatan sun yi yawa, sai a kira shi rahoton jerin majinyata. A ma'aunin ƙarfin hujja na likitancin zamani, matsayinsa na can ƙasa, domin abin da ya sami mutum ɗaya ba ya tabbatar da cewa magani kaza yana warkarwa ko abu kaza ne ya jawo cuta. Amfaninsa shi ne ankararwa, kuma cututtuka da dama ta wannan hanya aka fara saninsu.

Asali

A 1817 James Parkinson, wani likita a Landan, ya wallafa bayani a kan mutum shida masu karkarwar jiki, wasunsu ma a kan titi kawai ya lura da su. Cutar tana ɗauke da sunansa har yau. A 1910 James Herrick na Chicago ya buga labarin wani ɗalibin likitan haƙori ɗan tsibirin Grenada, wanda aka ga ƙwayoyin jininsa sun lanƙwashe kamar lauje. Wannan shi ne bayani na farko a mujallun Turai da Amurka a kan amosanin jini, wato sikila, ko da yake mutanen Afirka ta Yamma sun daɗe da sanin ciwon da sunayensu na gida. A Disambar 1961 William McBride na Ostareliya ya aika wa mujallar Lancet gajeriyar wasiƙa cewa yana ganin jarirai masu nakasa a wurin matan da suka sha wani magani mai suna thalidomide suna da juna biyu. Ranar 5 ga Yuni 1981 kuma, hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta buga rahoton samari biyar a Los Angeles da suka kamu da wani ciwon huhu da ba kasafai yake kama mai lafiya ba. Daga nan aka fara ƙirga tarihin ƙanjamau.

Zazzaɓin Lassa ma haka ya shiga littattafai. A farkon 1969 wata ma'aikaciyar jinya ta mishan ta kwanta ciwo a garin Lassa da ke jihar Borno ta yanzu, aka kai ta Jos ta rasu. Wadda ta yi jinyarta ita ma ta rasu, ta uku kuwa aka ɗauke ta zuwa New York ta warke. Bayanin waɗannan mata uku, wanda John Frame da abokan aikinsa suka buga a 1970, shi ne tushen abin da aka fara sani game da alamomin cutar.

Abin da ya cancanci rubutawa

Ba kowane ciwo mai ban mamaki ne ya isa bugawa ba. Mujallu suna neman cutar da ba a saba gani ba, ko sananniyar cuta da ta zo da wata siffa, ko illar magani da ba a sani ba, ko kuskuren gano cuta da wasu za su iya faɗawa cikinsa. Kafin a ɗora alƙalami, sai an bincika rumbunan mujallu irin su PubMed da African Journals Online a ga abin da aka riga aka rubuta. Sabbin marubuta suna son cewa nasu ne na farko a duniya, editoci kuwa ba abin da suke saurin ganowa kamar wannan iƙirari idan ba gaskiya ba ne. Ya fi kyau marubuci ya iya faɗin darasin rahotonsa a jimla ɗaya. In ya kasa, to bai gama tunani ba.

Amincewar majinyaci

Nan ne rahotanni da yawa suke tuntuɓe. Amincewa da a yi wa mutum magani daban, amincewa da a buga labarinsa daban, kuma mafi yawan mujallu ba sa karɓar rahoto sai da takardar amincewa mai sa hannu. Ana yi wa majinyaci bayani da harshen da yake ji, a gaya masa cewa rubutun zai shiga intanet inda kowa zai iya gani, kuma bayan an buga ba zai iya janye amincewarsa ba. Wanda bai iya rubutu ba ya dangwala yatsa a gaban shaida. Yaro, iyayensa ko mai riƙonsa ne za su sa hannu, mamaci kuma danginsa na kusa. Baligar mace mai hankali ita ke ba da izinin kanta. Shawara da maigida abu ne da aka saba, amma sa hannunsa ba ya maye gurbin nata.

Cire suna kaɗai ba ya ɓoye mutum. Idan aka rubuta cewa malamin makaranta ne ɗan shekara 43 daga wani ƙaramin gari, mai 'ya'ya tara, duk wanda ya san garin ya gane shi. Haka ma tsagar fuska, tabo, ko lambar asibiti da sunan da ke kusurwar hoton ƙirji. Kwamitin editocin mujallun likitanci na duniya, ICMJE, ya bayyana cewa rufe idanu da baƙin layi a hoto bai wadatar ba. Wasu asibitocin koyarwa kuma suna buƙatar kwamitinsu na ɗa'ar bincike ya ga rahoton kafin a aika.

Tsarin rubutu

Tun 2013 akwai ƙa'idojin rubuta rahoton majinyaci da ake kira CARE, masu sassa 13, waɗanda mujallu da yawa suke bi. Na aikin tiyata, SCARE, sun fito a 2016. Taken rubutun ya nuna cewa rahoton majinyaci ne. Taƙaitawa da gabatarwa gajeru ne. Gundarin aikin yana cikin labarin majinyacin, kuma ana ɗauko shi ne daga fayil, ba daga abin da likita yake tunawa ba. Ana jera abubuwa bisa lokaci: rana ta nawa zazzaɓi ya fara, yaushe aka kwantar da shi, yaushe aka sauya magani. A maimakon ainihin kwanan wata, akan ce rana ta uku ko mako na biyu. Kowane sakamakon gwaji yana tafiya da ma'auninsa da iyakar da ake ɗauka lafiya. Magani kuwa da sunansa na asali, ba na kamfani ba, tare da yawansa, hanyar ba da shi da tsawon kwanaki.

Abin da majinyaci ya sha kafin ya zo asibiti, na kemis ne ko jiƙo, dole a rubuta shi. Gwajin da ba a yi ba saboda rashin kuɗi ko rashin na'ura, a faɗa a fili. Ɓoye wannan giɓi ya fi giɓin kansa lahani, domin mai karatu zai ɗauka an kawar da cututtukan da ba a ma bincika ba. A sashen tattaunawa ake kwatanta abin da aka gani da rahotannin baya, a kawo sauran cututtukan da aka yi zato da dalilin ture su. Idan illar magani ake zargi, akwai ma'aunin Naranjo na 1981 da ake auna ƙarfin zargin da shi, kuma a Najeriya ana kai rahoton illar ga hukumar NAFDAC ko an buga ko ba a buga ba. CARE ta kuma ware wuri domin majinyaci ya faɗi yadda ya ji da bakinsa, sashen da marubuta suka fi tsallakewa.

Wuce gona da iri wajen yanke hukunci yana da tsada. Rahoton Andrew Wakefield na 1998 a kan yara 12, wanda ya alaƙanta rigakafin ƙyanda da wata larurar ƙwaƙwalwa, ya firgita iyaye shekara da shekaru kafin Lancet ta janye shi a 2010.

Marubuta da mujalla

A ƙa'idar ICMJE, marubuci shi ne wanda ya yi aiki na gaske a kan rahoton, ya rubuta ko ya gyara, ya amince da kwafin ƙarshe, kuma ya yarda ya ɗauki alhakinsa. Saka sunan shugaban sashe don girmamawa kawai ya saɓa wa wannan. Akasin haka ma yana faruwa: Ernest Irons, ƙaramin likitan da ya fara ganin ƙwayoyin jinin nan masu kamar lauje, ba ya cikin marubutan rahoton 1910.

Manyan mujallu sun rage buga irin wannan rubutu, sai aka kafa na musamman, kamar Journal of Medical Case Reports a 2007 da BMJ Case Reports a 2008. Annals of African Medicine da Pan African Medical Journal su ma suna karɓa. Kowace tana da iyakar kalmomi da tsarin hotuna, wasu kuma suna karɓar kuɗin bugawa, ko da yake akan yi rangwame ga marubuta daga ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi. Ba a aika rubutu ɗaya ga mujallu biyu a lokaci guda. Bayan edita ya duba, yana tura wa masana su tantance, marubuci kuma ya amsa kowace tambaya ɗaya bayan ɗaya. Mujallar da ta turo saƙon imel tana alkawarin bugawa cikin 'yan kwanaki idan an biya, galibi ba ta tantance komai, don haka ake duba sunanta a PubMed ko DOAJ, wato kundin sunayen mujallun da ake karantawa kyauta, kafin a tura mata ko sisi.